Lissafi a Bangon Madafi

Mahaifiyata ba ta taɓa kiran sunana ba. Ni ce 'yar fari, kuma a gidanmu kunyar ɗan fari ba abin wasa ba ce. Idan tana so in ɗebo ruwa, sai ta dubi randa ta ce, "Randar nan ta bushe," ni kuma in ɗauki bokiti. Idan baƙuwa ta tambaye ta yaranta nawa, daga ƙanina mai bi mini take fara ƙirga. Ni "waccan" ce, ko "ta Dayi", domin tun da aka yaye ni kakata ta wajen uba ta ɗauke ni zuwa Dayi, can na yi firamare. Sai da na ci jarrabawar shiga sakandare aka dawo da ni Malumfashi, saboda makarantar ta jeka-ka-dawo ce. Na shigo gidan ubana kamar baƙuwa, da akwatin ƙarfe da tabarma. Ƙannena suna ce mata Inna. Ni ban san abin da zan ce mata ba, sai na zauna ban kira ta da komai ba. A zuciyata dai Inna ce, kuma haka zan kira ta a nan.

Ba ƙi na take yi ba. Na san haka daga ƙananan abubuwa. Ta lura ina son ƙanzon tuwo, sai ya riƙa bayyana a kwanona ba tare da an ce komai ba. Idan rigar makarantata ta yage a hammata, zan tarar da ita a kan igiya an ɗinke, da zare fari, ɗinki ƙanana kamar na keken tela. Amma ido da ido, ko zama a tabarma ɗaya, babu.

Inna tana aiki a wani ƙaramin asibitin haihuwa a bayan kasuwa. Ba nas ba ce. Ita ke shara, ita ke wanke zannuwa da robar gado, ita ke tafasa almakashi, ita ke riƙe hannun mai naƙuda. Ta yi karatu har aji uku a sakandaren kwana ta 'yan mata, sai mahaifinta ya kwanta ciwon shanyewar jiki, ta dawo gida jinya. Kafin Allah ya karɓi abinsa an ba wata gurbinta. Daga baya ta auri Baba, direban babbar mota mai kwasar auduga daga kasuwannin ƙauye zuwa gidan gurza a Funtua. Mutum ne mai sanyi, wanda bai yi boko ba kuma bai tsane shi ba.

Babbar nas ɗin asibitin, wadda kowa ke ce wa Sista, Kirista ce daga wani ƙauye a ƙasar Kafur, mace mai murya kamar ana kiran kasuwa. Ita ta sa wa Inna abin a rai. Na ji da kunnena ranar da na kai wa Inna abinci.

"Ke uwar yara, har yaushe za ki yi ta wanke jinin mutane? Makarantar ungozoma takardar gama sakandare kawai take nema. Kawo mini ita, ni zan tsaya miki. Amma ki yi sauri, suna da iyakar shekaru, kuma ke kina bakin ƙofa. In baɗi ta wuce, ko ni ba ni da ta cewa."

A ƙarshen wannan shekarar Inna ta zauna jarrabawar 'yan waje, wadda manya ke yi bayan damina. Ta ci Turanci, ta ci kiwon lafiya, ta ci Hausa da addini. Lissafi ne ya kayar da ita, kuma ba a shiga makarantar ungozoma sai da shi. Saura mata zama ɗaya.

Shi ya sa ta koma ajin yamma. Ana yin sa bayan la'asar a wata firamare, idan yara sun tashi. Ni nake bin ta da goyon autanmu don ta shayar da shi in ya yi kuka. Inna a gaba, ni a baya, tazarar da ke tsakaninmu ta isa jaki ya gitta da kaya. Nakan zauna a gindin taga, inda nake ganin komai ba a gani na.

Manyan mutane ne a kan bencin yara, gwiwoyinsu sun kusa taɓa haɓarsu. Akwai masinjan ofishin ƙaramar hukuma mai son ya zama akawu, akwai ɗan sanda mai neman igiyar ƙarin girma, akwai wani malamin gona mai furfura, da tela, da mata biyu ban da Inna. Malaminsu saurayi ne, ɗan wani Bayerabe mai kanti a Funtua, can aka haife shi, Hausarsa ta fi tamu kaifi. Yakan zo a kan babur, alli a aljihun riga. Ban da darussan jarrabawa, ranar Alhamis yana koya musu abin da ya kira zaman ofis: yadda ake rubuta takardar neman aiki, yadda ake shiga wurin babba, yadda ake amsa waya. Babu waya a makarantar, sai ya zo da totuwar masara, ya ce ita ce. Ɗan sandan ya kara ta a kunne ya daka tsawa da Turanci, har autanmu ya farka a bayana.

"Kofur, a hankali," in ji malamin. "In dai haka za ka yi, ajiye wayar, ai za su ji ka daga Kaduna."

Ajin ya fashe da dariya. Inna ma ta yi, ta rufe baki da gefen gyale. Da aka miƙa mata totuwar, ta yi magana a nutse, kalma bayan kalma, malamin ya ce kowa ya tafa mata. Ban taɓa jin muryarta da Turanci ba sai ranar. Na sunkuyar da kai kamar ni aka yaba.

Amma idan aka zo lissafi sai ta zama wata. A zamanin da ta yi makaranta, lissafin fam da sule ake yi, da laba da oza, da yadi da inci. Waɗannan tana yin su da ka tana tuƙa tuwo. Kafin ta dawo karatu an sauya komai zuwa goma-goma, an kawo mita da kilo, an kawo ɗigon nan da ake sawa tsakanin cikakkiyar lamba da gutsurenta. Ɗigon shi ne abokin gabarta. Ba ta gane dalilin da yake matsawa hagu wani lokaci, wani lokaci dama ba. Malamin yana da sauri, kuma Inna ba za ta ɗaga hannu a gaban maza ta ce ba ta gane ba. Daga taga ina ganin fensirinta ya tsaya a sama, bai sauka ba har a goge allo. A asibiti ma ɗigon ya bi ta. An kawo sabon sikelin auna jarirai mai kilo. Ita ke ɗora jaririn, ita ke sauke shi, amma wata ce ke karantawa ta rubuta a kati.

Ni kuwa ina aji huɗu, kuma lissafi ne abu ɗaya da nake iya yi ba tare da na buɗe baki ba. Duk gidan babu wanda ya san shi sai ni. Inna ta san haka. Ni ma na san ta sani.

Wata rana a farkon damina na shiga madafi wanke kwanuka, sai na ga rubutu da gawayi a bango, daidai saman murhu, inda hayaƙi bai kai ya baƙanta ba. Lissafin sau ne, lamba mai ɗigo sau lamba mai ɗigo. An yi aikin har ƙarshe, lambobin duk daidai, amma ɗigon yana inda bai kamata ba, kuma an zagaye shi, an sake zagayewa. Na daɗe a tsaye da soso a hannu. Guntun gawayin yana ajiye a kan dutsen murhu, ba a cikin toka ba. Na ɗauka na sake yin lissafin a ƙasan nata, na ja 'yar kibiya zuwa inda ɗigon ya kamata ya zauna. Na wanke kwanukana na fita.

Da na dawo daga makaranta washegari an goge bangon da jiƙaƙƙen hannu, ana ganin sawun yatsu. A gefe akwai sabuwar tambaya.

Haka muka fara. Ita ta rubuta ta fita, ni in shiga in amsa. Ba mu taɓa haɗuwa a ƙofa ba. Idan ta ji motsina sai ta tuna tana da shanya a bayan ɗaki. Na san rubutunta kafin in san fuskarta sosai. Bakwai ɗinta tana da ɗamara a tsakiya, irin ta tsofaffin malamai. Huɗunta a buɗe take a sama. Idan ta gaji, lambobin sukan gangara dama kamar za su faɗa tukunya.

Sai dai bango yana nuna amsa, ba ya faɗin dalili. Inna tana kwaikwayon abin da na yi, idan aka sauya lambobi sai ta sake ɓata. Sai ta jawo ƙanwata, 'yar shekara biyar, cikin maganar. Ina tsakar gida ina tsince shinkafa, sai in ji ta ce da ƙarfi, "Je ki tambayi masu boko, me ya sa ɗigon ya koma baya gida biyu?"

Ƙanwata ta rugo. "Wai me ya sa ɗigo ya koma gidansu?"

Na yi bayani a hankali, da murya mai ɗan ƙarfi don ya wuce kan yarinyar ya isa madafi. Amma ƙanwata ta ɗauki aikinta da muhimmanci, sai ta koma da gudu tana ihu, "Ta ce ki ƙirga gidajen da ke bayansa, in kin gama ki ba ni gyaɗa!"

"Gyaɗar ma a cikin lissafin take?"

"Eh, ta ce dole ne."

Na ji Inna ta yi dariya a ciki. Ni ma na yi a waje. Dariya ɗaya ce, bango a tsakani.

Ranar da abin ya sauya, ruwa ake yi tun azahar. Baba yana hanya, yara sun maƙale a gidan maƙwabta, auta yana barci. Na shiga madafi da gudu ina kare kaina da faifai, ban san tana ciki ba. Tana tsugune gaban bango da gawayi a hannu. Na juya zan fita, ruwan ya ƙaru kamar ana zuba tsakuwa a kan kwano. Ba ta dube ni ba. Ta miƙo gawayin ta gefe, ta ce da bango, ƙasa-ƙasa, "A nuna mini."

Na tsuguna. Na rasa ta inda zan fara, sai idona ya faɗa kan kwaryar dawa. Na auno mudu ɗaya na zuba a faifai na ce wannan ɗaya ne. Na kasa shi kashi goma, na ce kowane kashi shi ne gida na farko bayan ɗigo. Na ɗauki kashi ɗaya na sake kasa shi goma, 'yan tsirarun ƙwayoyi, na ce wannan shi ne gida na biyu. Na ce idan aka ɗauki kashi ɗaya cikin goma na abin da dama kashi ɗaya cikin goma ne, dole a faɗo gida na biyu. Duk wannan da faifan nake magana.

Ta daɗe tana kallon dawar. Ta sa yatsa ta taɓa ƙaramin kashin. Sai ta ce, "Au. Ashe raguwa yake yi. Ni ina cewa duk abin da aka yi wa sau ƙaruwa yake." Ta juyo ta dube ni, ido cikin ido, ta manta da kunya. A ranar na ga tana da ɗan tabo a ƙasan girar hagu, na ga idanunta ba baƙaƙe ba ne sosai, ruwan ƙasa ne, irin nawa. Hannunta yana warin maganin wanke ƙasa na asibiti, fatar yatsunta ta tattare saboda ruwa.

Daga nan muka riƙa zama idan gida ya yi shiru. Ba kullum ba. Sai Baba ba ya nan, sai yara sun fita. Ba ta kira sunana ba, amma ta fara ce mini "ke". "Ke, wannan fa?" Ban san kalma ƙarama haka za ta iya cika kunne ba. Tana da saurin ganewa idan aka bi da ita ta hanyar abin da hannunta ya sani. Muka gama sau, muka gama kaso cikin ɗari. Ta dawo daga aiki wata rana ta faɗa wa tukunyar miya cewa yau ta karanta sikeli a zuciyarta kafin nas ta karanta, kilo uku da ɗigo biyu, kuma haka aka rubuta. A ajin yamma fensirinta ya fara sauka. Malamin ya duba aikinta ya ce, "Hajiya, wa ke yi miki fashin baƙi a gida?" Ta ce, "Bango." Ya ɗauka wasa take yi.

Saura rabawa mai ɗigo, da lissafin da ake sa harafi a madadin lamba, da na kusurwoyi. Ba kaɗan ba ne, amma lokaci yana nan. Masara ba ta ko nuna ba.

Kakata takan zo daga Dayi ranar kasuwa, ba ta aiko da saƙo. Ita ta raine ni, a bayanta na yi barci, a hannunta na koyi tuƙa tuwo. Mace ce mai barkwanci, duk inda ta zauna sai an taru. Har yau ban iya tsanarta ba, kuma wannan yana cikin abin da ke ci mini rai.

Ranar da ta riske mu ma ruwa ake yi. Ta ce ta yi sallama sau da yawa, ƙarar ruwa a kwanon rufi ta cinye. Muna tsugune kafaɗa da kafaɗa. Inna ta sa ɗigo a inda ba daidai ba, ni kuma na saba har na saki jiki. Na kama hannunta da gawayin a ciki, na ce, "A'a, ba haka ba. Sake."

Hasken ƙofa ya ragu. Muka juya. Kaka ce tsaye da ƙunshin daddawa a ka, ruwa yana ɗiga daga gefen zanenta.

Inna ta miƙe da sauri har ta ture kwaryar dawa. Ta durƙusa. "Sannunku da zuwa, Iya. Ba mu ji ku ba."

"Ina fa za ku ji," in ji Kaka. "Ana karatu." Ta dubi bango, ta dubi hannuna baƙi ƙirin da gawayi. Ta yi murmushi. "Malama, a gafarta mini, na katse darasi. In ɗalibar ta yi laifi a yi mata bulala kaɗan, tana da goyo."

Ta ci tuwo, ta yi wasa da yara. Na ɗauka ya wuce.

Kwana kaɗan bayan haka aka yi suna a gidan ƙanin Baba. Dangi sun zo daga Dayi, daga Musawa, tsakar gida cike da mata. Ina gefe ina wanke kwanuka. Inna tana rabon waina. Sai na ji Kaka ta ɗaga murya.

"Ku tsaya ku ji abin da idona ya gani, ni da na ce na gama ganin duniya."

Ta tashi ta jawo wata jikarta, ta tsugunar da ita, ita ma ta tsuguna. Ta kama hannun yarinyar, ta maƙale murya ta koma siririya kamar tawa. "A'a, ba haka ba! Sake!" Sannan ta sauya ta zama Inna, ta langaɓar da kai. "To, Malama. Na tuba, Malama."

Inna ba ta taɓa faɗin haka ba. Amma matan sun kwanta da dariya, wata har tana dukan cinya.

"'Yar farin?" in ji wata gwaggona. "Kai, Iya, ban yarda ba."

"Gwiwa da gwiwa! Da na ƙara jinkiri da na tarar tana yi mata tsifa."

"To ai boko kenan," wata ta ce. "Mu da muka haihu muka kasa ko kallon abin da muka haifa, ashe mu ne wawaye."

"Ɗalibar 'yarta, miƙo mana wainar nan!"

Inna ta miƙa. Ta gama rabon, ta zauna, har ta ɗan yi murmushi kamar yadda ake so surukar kirki ta yi idan uwar miji tana wasa. Ni kaɗai na ga yadda take murza gefen zanenta da yatsa biyu har ya nannaɗe ya zama igiya.

Da yamma na raka Kaka tasha. Ban saba yi mata musu ba, amma na ce, "Kaka, jarrabawa ce fa da ita."

Ta tsaya ta gyara kayanta. Wasan ya bar fuskarta. "Ke 'yar nan, na san abin da na yi. Uwarki mutuniyar kirki ce, shi ya sa na yi da dariya ban yi da faɗa ba. Yau kin ce mata ba haka ba a kan gawayi. Gobe a kan me za ki ce? Takarda ana samu ana rasawa. In kunya ta fita tsakaninku, wace makaranta ce za ta mayar?" Ta ciro ƙuli-ƙuli daga ƙullin zanenta ta danƙa mini, kamar yadda take yi ina ƙarama. Na riƙe shi har gida ban ci ba.

Washegari na dawo daga makaranta na tarar an shafe madafi da farar ƙasa, tun daga ƙasa har inda hannu ke kaiwa. Baba ya ce ya yi kyau. Na ji Inna tana ba shi labarin sunan a taƙaice, sai ya ce, "Ai kin san Iya da wasa. Ki yi haƙuri. Ba ga malaminku na aji ba?" Iyakar abin da ya ce kenan. Ba mugu ba ne. Bai ga abin da aka rasa ba.

Na jira kwana biyu, na ɗauki gawayi na rubuta misalin rabawa a wani lungu, ƙasa-ƙasa, bayan randa, da kibiyoyi da komai. Da na dawo an shafe shi da sabuwar farar ƙasa, tana ɗanye. Ban sani ba ko ta karanta kafin ta shafe. Na koma "waccan". Ko ta bakin ƙanwata ba a sake aiko tambaya ba. Sunan da aka sa mata a gidan suna kuwa, ɗalibar 'yarta, ya bi ta har rijiya, har asibiti. Masu zuwa awo sukan faɗe shi da sigar wasa.

Ta ci gaba da zuwa ajin yamma, ni ma na ci gaba da bin ta da goyo. Daga gindin taga na ga an shiga rabawa, an wuce. An shiga lissafin haruffa, fensirinta ya koma sama. Na san daidai inda ta ɓace, na san da mudun dawa ɗaya zan dawo da ita hanya. Ina zaune kusa da ita har ina jin tarinta, da amsar a bakina.

An yi jarrabawar lokacin da auduga ta fashe, gonaki suka yi fari, Baba ba ya kwana gida. A makarantarmu aka yi, a babban ɗakin taro, a kan teburan da muke zama. Ta fita da fensir biyu da ta feƙe da reza, da gyalenta na zuwa biki. Da ta dawo ta ninke gyalen, ta shiga madafi, ta dubi murhu ta ce, "Wutar nan ta mutu." Na kawo ashana.

Sakamako ya fito bayan watanni. Sista ce ta biyo da kanta, ta tsaya a tsakar gida ba ta zauna ba. "Kaɗan ya rage, uwar yara. Kaɗan! Malaminku ya ce da damina kin fi kowa, me ya same ki daga baya?" Inna ta ce, "Allah bai yi ba." Sista ta juyo ta dube ni. Kofur ya samu igiyarsa. Masinja ya zama akawu.

Shekarar da ta biyo na yi tawa jarrabawar, lissafi ne na fi ci. Inna ta ce da ƙanwata, "Ki ce wa ta Dayi an gode Allah." Ta dafa shinkafa da kaza, ta sa mini cinya a ƙasan kwano inda ba a gani.

Wata 'yar ajinmu, wadda nake yi wa aikin gida a lissafi, ita ta shiga makarantar ungozoma. Da ta gama aka turo ta asibitin nan. Inna ta riƙa ce mata Sista, tana tafasa mata almakashi, tana ɗora jariri a sikeli ta ja da baya don yarinyar ta karanta. Haka ta yi har ƙarfinta ya ƙare. Kaka ta rasu ana yabon ta da iya zama da mutane, kuma gaskiya ne. Inna ma ana yabon ta da kunya. A ranar da ta rasu mata sun yi ta faɗi, wai ko sau ɗaya ba a taɓa jin sunan 'yar farinta a bakinta ba. Ina zaune a cikinsu ina amsa gaisuwa.

Farar ƙasa ba ta rufe gawayi da kyau. Duk shekara idan damina ta yi nisa bango ya sha ruwa, lambobin sukan taso daga ƙasa, toka-toka, a saman murhu: bakwai mai ɗamara, huɗu mai buɗaɗɗen kai, da rabawar da muke yi ranar da Kaka ta shigo, ɗigon yana nan inda bai kamata ba. Inna ba ta sake shafe wurin ba. Ta buga ƙusa, ta rataye faifai a kai.